Lokotoro Mai Juya Baya

Tun ranar da anka aza mani jinjiri bisa cinya nike ɗauke da tsoro guda, kuma ban faɗa ma kowa ba. Tsoron shi ne wata rana ciwo ya kama yaron, ina gani, ina ji, amma bakina ya ƙi buɗewa har lokaci ya wuce. Wanda bai tashi wajenmu ba zai ce wace irin uwa ce wagga. To, haka munka tarad da abin. Ɗan fari ba a kiran sunanshi, ba a yi mashi wasa gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. In an tambaye ki, ki ce na kakarshi ne. In ya faɗi gaban surukai, ki dubi wani wuri har wata ta ɗaga shi. Ni kuwa Allah ya yi ni mai fargaba. Ko tari yaron ya yi sai in kwana ina sauraren numfashinshi, fuskata kuwa kamar ba a gidan nike ba.

Shi ya sa rasuwar tsohon lokotoronmu, mai duba marasa lafiyar garinmu a da, ta taɓa ni inda ba ta taɓa kowa ba. Na Allah muke, wurinShi kuma za mu koma. Shi ya riga mu, mu muna bisa hanya.

Labarin ya iso da hantsi. Kawun mijina, wanda shi ne wanzamin garinmu, ya shigo gida ko sallama babu, wayar salula a hannu. Ɗiyar lokotoro ce ta kira shi daga Tawa, ta ce an yi jana'iza tun da safe. Kawu ya tsaya tsakar gida shina faɗa kamar mamacin na gabanshi.

"Ka ga irin halin nashi ko? Ya ce zai dawo bayan kaka in yi mashi aski. Na wasa aska, na aje. Mutum bai taɓa jin maganar kowa ba!"

Sai ya zauna bisa turmi ya rufe fuska da hula.

Tsohuwar Bafillatanar da ke kawo mana nono tana bakin ƙofa. Lokotoro Ba'are ne, kun san wasan da ke tsakaninsu da Fulani. Ta sauke ƙwarya ta ce, "Bawana ya tsere bai nemi izini ba. Wa ya 'yanta shi?" Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ranar ba ta sayar da nonon ba, raba shi ta yi sadaka gida-gida.

Uwar mijina kuwa, wadda muke ce ma Inna, tana tankaɗe. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Ta aje rariya, ta jawo kujerarta, ta juya mana baya, ta fuskanci bango. Haka ta zauna har anka kira azahar. Matan maƙwabta da sunka shigo gaisuwa sunka yi ta kallon juna. Ni kaɗai na san abin da take yi.

An rufe shi nesa da mu, amma garinmu ya yi zaman makoki na kwana uku, kuma ba a ƙofar maigari ba. A tsohuwar likita, wato ƙaramin asibitinmu na da, anka shimfiɗa tabarmi, ƙarƙashin bedin nan, itacen da wasu ke ce ma dogon yaro. Can na ji abubuwa da yawa a kanshi, don ni ban san zamaninshi ba. Ina goye ya bar garinmu. Sau guda na gan shi a raye da wayona, sai kuma na biyu a Konni.

Sun ce da ya zo saurayi ne siriri, da keke da akwatin ƙarfe. A Yamai ana ce mashi majo, wato babban ma'aikacin jinya, mu nan lokotoro munka sani, kuma har ya ƙara karatu ya zama babba sunan bai sake ba. Ɗaki biyu ne likitar, da firijin kananzir wanda in ya mutu sai ya kwanta ƙasa shina hura shi kamar mai girki. Allura a tukunya yake dafa ta. Sikelin awon jarirai a reshen bedi yake rataye shi, shi ne kuma ya dasa bedin da hannunshi, shina ba shi ruwan da ya wanke hannu. In mace ba ta iya karatu ba, ba ya rubuta mata komi, sai ya ce, "Ɗaya da asuba, ɗaya da azahar, ɗaya da lisha. In kin manta maganin, kin manta salla ke nan, ni ba ruwana." Fura yake sha tsaye, ba ya zama, wai in ya zauna barci zai ɗauke shi.

Faɗansu da Kawu kuwa har yau ana ba da labarinshi. Wani jinjiri ne Kawu ya cire ma belu, wurin ya kumbura. Lokotoro ya tafi har gida ya ɗauko zabirar Kawu, ya juye duk abin da ke ciki a tukunyar allura ya dafa. Har da ƙahon da Kawu ya gada wurin ubanshi. Ƙahon ya yi laushi ya lanƙwashe, wari ya cika unguwa. Kawu ya yi rantsuwa ba zai ƙara gaishe shi ba, ya kuwa cika alkawari damina guda cur. Ran nan da Juma'a sai ga lokotoro ya zo ya zauna bisa tabarmar aski, ya cire hula, ya miƙa wuya.

"Ga shi nan. In fushin bai huce ba, askar na hannunka."

Kawu ya ce ya daɗe shina kallon wuyan. "Wallahi na yi tunani," in ji shi, makoki duk anka fashe da dariya. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara yi ma lokotoro aski sai shi, shi kuma ya koyi dafa askarshi. Amma maganar belu ba su taɓa shiryawa ba. Ɗaya ya ce magani ne, ɗaya ya ce yanka ne, har Allah ya raba su.

Abin da mata sunka fi tunawa shi ne juya bayanshi. In yarinya ta kawo ɗan fari, ya tambaye ta mi ke damunshi, amsar guda ce: "Lafiya lau." Ko yaron na suma, lafiya lau. To sai ya kore maza, ya sa ta zauna gindin bedi, shi kuma ya juya kujerarshi ya ba ta baya, ya ce, "Ni ba ni nan. Ki gaya ma itace. Itace ba surukinki ba ne." Ita tana faɗa ma bedi, shi shina rubutawa a karne, ɗan littafin nan na asibiti. Wata tsohuwa a makokin ta ce bedin nan ya san asirin garinmu fiye da liman. Kalmarshi kullum ita ce, "Ciwo ba shi da suruki." Har yau in mutum ya ɓoye ciwo haka ake ce mashi, yara ma na faɗa ba su san mai maganar ba.

Da ya tafi, anka aiko wasu, sunka yi zamaninsu. Daga baya anka gina sabuwar likita can bakin hanya wajen Bazaga, anka rufe tamu. Kwano ya yaye a ɗaki guda. Ɗayan anka mai da shi rumbun harawa, awaki na kwana a barandar. Abu guda na lura da shi tun ina amarya: in za mu rijiya, hanyar da ta fi kusa ta gaban tsohuwar likita take bi, amma Inna ba ta taɓa bin ta ba. Sai ta zagaya ta bayan masallaci da tulu a kai. Na ɗauka tsoron iskoki ne.

Bara, ƙarshen damina, gero ya fitar da kai, anka ce tsohon lokotoro na zuwa ya ga wurin aikinshi na farko. Maigari ya sa anka share fili, anka ɗaure rago.

A lokacin yaron gidanmu, wanda nike goyo, na da shekara ɗaya da rabi, kuma kwana huɗu ke nan jikinshi kamar garwashi. Ya ƙi nono. In na kwance goyo sai in ga fatar ƙasan haƙarƙarinshi na shigewa ciki duk numfashi, kamar ana jan ta da zare. Inna ta ce haƙori ne. Ta jiƙa saiwa, ta yi turare, ta shafa mashi man shanu. Da abin ya ƙi, sai Kawu ya leƙa bakin yaron ya ce belu ne ya sauko, gobe da safe zai cire. Mijina na Konni shina kabu-kabu, sai Juma'a yake zuwa. Sau biyu na ɗauki salular maƙwabciya in kira shi, sau biyu na aje. In ce mashi mi? In ce na fi uwarshi sanin yaron? A gidan miji, a kan ɗan fari? Sai na yi ta daka, na yi ta wanki, ina jin numfashinshi a bayana kamar ana zuga maƙera.

Motar ɗiyar lokotoro ta kafe a laka wajen fadama, sai a amalanken jaki anka ƙaraso da shi. Tsoho fari tas, da sanda, idanun sun yi yana. Ya ce a sauke shi tun daga rijiya, zai taka da ƙafarshi. Shina tafe shina faɗin gidaje. "Nan gidan maƙeri ne. Nan akwai wata tsamiya, ina take?" Anka ce ta faɗi shekarar ambaliya. Ya ce, "Ita ma ta yi ritaya."

Da ya iso likitar ya daɗe tsaye. Ya shafa ƙofar. Wata akuya ta fito daga ɗakin da yake yin allura, ya matsa mata ya ce, "Sannu madam, an sallame ki?" Ya shiga, ya nuna inda firiji yake, inda gadon haihuwa yake, inda ya taɓa kashe kububuwa da murfin tukunya. Ya nuna wani layi a bango ya ce nan yake auna tsawon yara, ya tambayi wasu da sunansu. Wani an ce ya zama jandarma, wani na Lagos, wani ya rasu. Duk wanda anka ce ya rasu sai ya taɓa bangon.

Sannan ya fito wurin bedi. Itacen ya yi kaurin da mutum biyu ba su rungume shi. Ya ɗaga hannu shina lalube a babban reshe, ya ce a kama mashi sanda. Can sai ya yi dariya kamar yaro. Ƙusar da yake rataye sikeli ce ya samu, itacen ya haɗiye ta saura ɗan kai.

"Kun gani? Ni na tafi, shi ya riƙe aikin."

Mutanenmu kuwa sun fahimci zuwan daban. Kafin a kawo ruwa layi ya kama daga gindin bedi har bakin hanya: mai ciwon gwiwa, mai hawan jini da ledar magani, mai ido, har wani ya jawo jakinshi mai gyambo. Sun ɗauka aiki ya dawo. Ɗiyarshi ta yi ta ba da haƙuri. Shi kuma ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, ni yau baƙo ne. Ko abin auna zafi ban zo da shi ba, idon ma na aro ne. Ku tafi sabuwar likita, yaran can sun fi ni karatu. Mai jaki, kai kuma ka kai shi wurin wanzami, shi ne ba ya ƙin kowa."

Kawu daga gefe ya ce, "Ka tsufa ba ka yi hankali ba."

"Wa zai koya mani? Kai?"

Ni an aike ni da ƙwaryar fura. Na durƙusa bayan kujerarshi in aje, yaron na goye. Sai na ga tsohon ya daina dariya, ya karkata kai kamar mai sauraren hadari daga nesa.

"Wane ne ke hura wuta a bayana?"

Anka ce, "Matar ɗan gidan wance ce, ta kawo fura."

"Ba ita ba. Wanda ke bayanta. Ɗiyata, ɗan wa ke nan?"

Na ce, "Na Inna ne."

"Lafiyarshi?"

Ga Kawu, ga maigari, ga yayyen mijina biyu, ga Inna can bakin fili inda ta tsaya ba ta ƙaraso ba. Na ji bakina ya faɗa da kanshi.

"Lafiya lau."

Wasu mata sunka yi 'yar dariya, irin ta yabo, wai yarinya mai kunya. Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce ma maigari, "Ranka ya daɗe, ka ara mani wurina na ɗan lokaci. Maza su matsa can wajen ragon." Da sunka matsa, ya dafa sanda ya tashi, ya juya kujerar da kanshi, ya zauna shina fuskantar bangon likita. Na ga ƙeyarshi da furfura, da wuyan da Kawu ya taɓa tunani a kai.

"Ni ba ni nan," in ji shi. "Ga bedi nan. Ya daɗe bai ji labari ba."

Na dubi itacen. Tururuwa na hawa bisa ɓawonshi. Na ji kamar wauta, na ji kamar in aje ƙwarya in ruga. Sai yaron ya yi wani ɗan gurnani a bayana, wanda tun safe yake yi, na ji maganar ta ɓalle kamar an cire toshiyar randa. Na gaya ma bedi kwana huɗu ne. Na gaya mashi ya ƙi nono, ko ruwa sai ya dawo. Na gaya mashi haƙarƙarin, da hancin da ke buɗewa, da leɓen da ya sake launi tun hantsi. Na gaya mashi gobe za a cire belu, kuma ni ban yarda belu ne ba. Na ce ina tsoron ya mutu ina kallo. Ban san na iya magana mai tsawo haka ba.

Bai juyo ba. Ya miƙo hannu ta gefe ya ce a ba shi yaron. Ya ɗora shi bisa cinya, ya aza tafin hannu a ƙirjinshi, ya ce ma ɗiyarshi ta duba agogon salula ta gaya mashi in minti ya cika. Leɓenshi na motsi shina ƙirga. Da ta ce ya cika, sai ya ce mata wata magana da Faransanci, na ga fuskarta ta sake.

"A je a turo motar nan. Huhu ne. Konni za a kai shi, yanzu, ba sabuwar likita ba, shina buƙatar iska."

Sai ga Inna a kanmu. Wannan ne karo na farko da na ga ƙafarta a filin nan.

"Haƙori ne," ta ce. "Na yi goyon bakwai. Ba inda za a kai mani jika. An taɓa kawo wani nan, mi anka yi?"

Ni ban san wanda take nufi ba. Babban yayan mijina nike ɗauka shi ne na fari wajenta.

Tsohon ya gane muryar. Na ga kafaɗunshi sun sauka. Bai juyo ba, sai ya ɗan ɗaga kai wajen reshen, ya yi magana a hankali.

"Bedi, kai ƙarami ne lokacin, ko inuwa ba ka da ita, amma kana nan. Wata yarinya ta kawo ɗanta na fari. Na tambaye ta sau uku, ta ce lafiya lau, ga surukanta tsaye. Na ba ta ƙwayar zazzaɓi ta tafi. Kwana biyu anka dawo da shi ya riga ya yi nisa. Ya cika a hannuna. Ni kuwa yaro ne, karatu na hayaƙi a kaina, na tsaya gaban jama'a na yi mata tsawa, na ce ita ta kashe shi da bakinta. Ita ba ta iya kuka ba ma, don ɗan fari ne. Bedi, laifin nawa ne. Ta faɗi abin da anka koya mata, ni ne ban iya tambaya ba. Tun ranar na koyi juya baya. Shekarun da na yi nan ba ta ƙara ce mani sannu ba, ta kuwa yi daidai. Mutane na cewa kewar gini ta kawo ni. Ginin na gani. In tana kusa, ka ce mata ina roƙon gafara tun ban tafi ba. Ka kuma ce mata wanga da ke cinyata bai yi nisa ba tukuna."

Na ga Inna tana murza bakin zanenta. Sannan ta sunkuya ta ɗauke yaron daga cinyarshi, na ce shi ke nan, gida za ta kai shi. Sai ta goya shi da kanta, ta ɗaure tam, ta dubi itacen ba ta dubi mutumin ba.

"Ka ce mashi Allah ya yafe mu duka. Ka ce mashi kuma ya tashi, surutu ba magani ba ne."

Ta juyo gare ni. "Ke kuma kin tsaya kallona? Ɗauko karnen yaron!"

Kawu ne ya kora jakin amalanken da mu har fadama, shina gunaguni shina bugu. "Belun dai na nan, in kun dawo." Samari sunka turo motar ta fito. Lokotoro ya zauna gaba, mu a baya, duk hanya hannunshi na miƙe ta baya bisa ƙafar yaron. Ragon da anka yanka dominshi bai ci ko tsoka ba. Gidan da ya zauna shekaru bai leƙa ba, kabarin abokanshi da ya ce zai ziyarta bai je ba. Tafiyar da ya yi shekaru shina shiri, rabin yini ya samu a ciki.

A Konni anka sa ma yaron robar iska a hanci da ruwa a hannu. Kwana shida munka yi. Rana ta uku ya kama nono, ya cije ni, ban taɓa jin daɗin ciwo irin na ranar ba. Lokotoro ya ƙi komawa Tawa sai da ya ji haka. Ya zo sallama da sandarshi, ya tarad da mijina da yayyenshi cike da ɗakin. Na shirya magana tun safe. Na so in ce mashi ya ceto mani, in faɗi kalmar. Da ya tsaya bakin gadon sai na ja mayafi na rufe fuska, na ce, "An gode." Shi ke nan abin da ya fito.

Ya yi dariya. "Kin gaya ma bedi, ya isa. Bayan kaka zan dawo in ci ragona, ku gaya ma wanzami ya wasa aska."

Kaka ta zo ta wuce, ciwon ƙafa ya hana shi. Wata damina ta zo. Sai kiran ɗiyarshi.

Ranar uku ta makoki, da maza sunka shafa fatiha sunka watse, munka rage mu mata muna naɗe tabarmi. Yaron na ta guje-guje shina korar awaki daga baranda. Ya yi tuntuɓe ya faɗi gabana, ni kuwa na dubi wani wuri yadda na saba. Inna ta ɗaga shi ta kakkaɓe, ta kawo shi ta dangwara mani a cinya gaban kowa.

"Riƙe abinki," ta ce. "Ni na yi kunya, na ga abin da ta ba ni."

Sannan ta faɗi sunan nata na farin. Shekara fiye da talatin ba wanda ya ji shi a bakinta. Ta faɗa sau guda, tana kallon bedi, ta ɗauki tabarmarta. Da za mu gida ta gaban likita ta bi.

Ban ce a bar kunya ba. Har yau ba ni kiran sunan yaron gaban surukaina, ba kuma zan fara ba. Karatuna aji uku ne na lakwal, makarantar boko, ba ni da hujjar yin gardama da manya. Abin da na gani kawai na rubuta, don kada a ce wata rana wani lokotoro ya taɓa zama garinmu, a tsaya nan, a manta yadda yake zama.

Allah ya jiƙanshi, ya haskaka kabarinshi, ya sa juya bayan da ya yi mana ya zama sanadin da rahama ba za ta juya mashi baya ba. Allah ya ba ɗiyarshi da sauran iyalinshi haƙuri.

Godiyar da na kasa yi mashi a Konni, ga ta nan, tunda takarda ma ba surukata ba ce: Baba, ɗana ya rayu. Ɗana ne, na fari, shina gudu, shina cin tuwo da hannunshi.

Kai mai karatu, roƙona biyu ne. Ka karanta mashi Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku. Kuma in akwai yarinya mai goyon fari a gidanku, ka tambaye ta yaron ta ce maka lafiya lau, kada ka tafi. Ka kore mutane, ka juya mata baya, ka jira.